Masu Tallar Ɗinki A Minna Su Gyara Tsayuwa

Duk wanda ya daɗe da zama a Kurmi, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ya san abin da hoto yake nufi ga baƙo. A da, in mutum ya shekara bai leƙa gida ba, sai ya yi wanka ranar Salla, ya ari agogon abokinsa, ya tafi gidan hoto. Mai hoto ya tsai da shi gaban labule mai zanen bene, ya aje masa tukunyar fure a gefe, wani lokaci har da tarho wanda ba a haɗa shi da kome ba. In an wanke, a sa a ambulan a ba mai tafiya Arewa a jirgin ƙasa. Tsohuwa ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, yaron nan ya yi ƙiba."

To, yanzu hoto ya juya hanya, daga Arewa yake gangarowa Kudu. A Minna, garin da jirgin ƙasa ya raya tun kafin ya zama hedkwatar Jihar Neja a 1976, teloli na Bosso da Tunga da Kpakungu, da masu sayar da atamfa da leshi da shadda a Kasuwar Kure, sun gane cewa mai saye ba lalle ne ya tako rumfa ba. Sai su sami saurayi ko budurwa su sa musu kayan, a ɗauki hoto a zuba a WhatsApp ko Instagram. Wanda ke Ikko ya gani ya aika da kuɗi ta banki, a ɗaure kaya a ba direba, su biyo ta Bida da Mokwa da Jebba. Watau hoton nan shi ne rumfar, shi ne kuma yaron shago.

Abin takaici shi ne da yawa da ka suke yin abin. Tela ya yi kwana 5 yana fama da riga, sa'an nan a ɓata aikinsa cikin minti 5, domin an kira wani yaro daga bakin titi an ce ya sa ya tsaya. Alhali kuwa tsayuwa gaban mai hoto aiki ne mai shiri, kuma shirin tun jajibere yake farawa. Shadda a kai ta wurin mabuga ko a yi mata guga sosai, a rataye ta, kada a ninke, don karin ninki ba ya ɓuya a hoto. Wanda zai sa kayan ya gwada su tun da wuri a ga inda ya yi yawa. Ya kwanta da wuri, gama idon da bai yi barci ba kwalli ba ya gyara shi. Mace in za ta yi lalle ta yi shi kwana 1 ko 2 kafin ranar, ya sami kama jiki. Hoda kuwa a taƙaita. Kowa ya san zafin Minna a watan Maris da Afrilu; wadda ta laɓta kwalliya da tsakar rana, kafin mai hoto ya gama gyara na'urarsa gumi ya riga ya yi mata zane a fuska.

Saboda haka lokaci ma abin lura ne. Rana in ta take tsaka inuwa takan cika kwarmin ido, farar shadda kuma ta haske har a kasa ganin aikin da ke jikinta. Da hantsi ko bayan la'asar, a inuwar da haske ke shiga, nan ne launin zane yake fitowa yadda yake. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Seydou Keita, mai hoton Bamako wanda ya buɗe wurinsa a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar yawancin mutanensa da hasken rana, ya rataya zane a bayansu. Ga shi hotunansa sun kai ga manyan gidajen nuni na Faransa da Amurka.

Sai ita tsayuwar kanta. Yawancin samari da an ce za a ɗauka sai su ƙame kamar masu hoton fasfo, kafaɗa a ɗage, hannuwa a manne da cinya. Babbar riga ba ta son haka. Tana son mutum ya ɗan karkata, ya sa nauyinsa a ƙafar baya, ya naɗe hannun rigar bisa kafaɗa yadda dattawa suke yi, domin aikin ƙirji ya fito fili. In aska takwas ce, irin wadda maɗinkan Bida da na Zariya suka yi suna a kanta, mai saye yana so ya ƙirga asaken da idonsa. Ba ya bukatar ganin agogo ko makullin mota. Hula ta zauna daidai, haɓa ta ɗan sauka kaɗan. Mace kuma ta bar hannunta ya yi wani aiki, ko ta riƙe bakin mayafi ko ta dafa kujera, kada jaka ta rufe ɗinkin da aka zo nunawa. A ɗauki gaba, a ɗauki gefe, a ɗauki baya. Mai tallar ɗinki ya riƙa tunawa rigar ce amarya, shi ɗan rakiya ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo wadda ta fi rashin iya tsayuwa muni. Bayan an ɗauki hoto sai a bi shi da gyaran waya, a ƙara wa zane haske, a mai da baƙar yarinya fara sol. Magidanci a Obalende ya zaɓi shuɗi mai duhu don Sallar iyalinsa, kaya su iso ana saura kwana 2, ya kwance ya tarar da wani launi dabam, ga shi babu halin mayarwa. Wannan algus ne, ba shi da bambanci da na mai awo da ya lotsa gindin mudu. Telan da ya yi haka ya ci riba sau ɗaya, amma labarinsa zai zaga zango kafin mako ya ƙare, domin zaman baƙunci ba a ɓoye wanda ya cuci wani.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta 'yan mata. Minna gari ne na ɗalibai, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, ga Kwalejin Ilmi, kuma yarinyar da ke neman kuɗin littafi ba ta raina abin da za a ba ta. Waɗansu iyaye da sun ji sai su ce atafau, waɗansu kuma ba su ma san ana yi ba. Duka biyu akwai gyara. Abin nan talla ce, sai dai babu faranti a ka, kuma tsoron da ake yi wa mai talla shi ne a nan ma: wa ya aike ta, ina za ta, wa za ta haɗu da shi. Bambancin kawai, mai faranti takan dawo gida da magariba, hoto kuwa in ya fita ya fita ke nan, yana iya ɓullowa shekara 5 nan gaba a hannun dangin miji.

Labarin Halima Aden ya isa misali. 'Yar Somaliya ce da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta girma a Amurka. A 2017 ta shiga wannan sana'a da hijabinta, da sharaɗin ba za ta cire shi ba, ta kuwa yi suna a duniya. Duk da haka a Nuwamba 2020 ta ce ta dakata, domin a hankali masu shirya ta sun yi ta rage hijabin suna sauya masa kama, har ya zama ba shi ne wanda ta shigo da shi ba. In wadda take da yarjejeniya a rubuce ta ga haka, ina ga yarinyar Maitumbi da aka ce mata, "Ke dai zo, in an gama ma yi magana"?

Don haka yayan da ke Kudu, in ƙanwarsa ta bugo waya tana neman izni, kada ya yi saurin tsawa, kada kuma ya ce ta je kawai. Ya tambayi nawa za a biya ta, kuma a yanka kuɗin kafin ta sa kayan. Ya tambayi inda za a sa hoton da tsawon lokacin da zai yi a can, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ta ga kayan tun kafin ranar, abin da ba za ta iya sawa gaban mahaifinta ba ta ce a'a tun a shago. Sa'an nan kada ta tafi ita kaɗai, ta tafi da yayarta ko gwaggonta, a yi da rana, a gama da rana.