ADON MAZA: Burushin aski da kumfar da ke rufa wa fuskar jarumi asiri

DUK wanda ya san yadda ake ɗaukar fim ya san cewa babu maƙiyin jarumi irin kusancin kyamara. A zamanin kaset, hoton ba shi da kaifi sosai, saboda haka ƙurajen da ke ƙarƙashin haɓar mutum kan ɓace a cikin dishi-dishin talabijin. Yanzu kuwa kyamarar da ake aiki da ita a lokeshan ba ta rufa wa kowa asiri. Da zarar darakta ya ce a matso da ita kusa, sai ga wuyan jarumi rak-rak da ƙuraje kamar bayan kada, mai kwalliya kuma ya yi ta lafta hoda har fuskar ta zama kamar an shafa mata toka. Abin haushi, mafi yawan wannan matsala daga aski take farawa, askin ma tun kafin reza ta taɓa fata, wato daga kumfa da abin da ake haɗa ta da shi.

Ko mai ajiye gemu bai tsira ba, domin shi ma yana gyaran fuska: ana share kumatu, a daidaita saje, a kwashe gashin wuya. Ga kuma ɗan wasan da za a manna wa gemun ƙarya ya fito a matsayin dattijo ko boka, wanda dole fatarsa ta zama sumul kafin gam ya kama. Idan aikin ya ɗauki kwana goma, to kusan kullum sai an yi aski don kada kamanninsa su sauya tsakanin fitowa da fitowa. Fatar da ake kankara kullum da busasshiyar reza da ɗan ruwan sanyi ba za ta yi shiru ba.

Dalilin ƙurajen a fili yake. Gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa. Idan aka yanke shi da ƙarfi, ko aka yanke shi ƙasa da saman fata, sai bakinsa ya yi tsini, ya lanƙwaso ya soki fatar ya koma ciki. Jiki kuma sai ya ɗauke shi a matsayin ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi baƙi, a wasu mutanen ma ya zama tabo mai tudu wanda ba ya bajewa. Gashin da ya jiƙu ya yi laushi ba ya buƙatar a danna masa reza, kuma aikin burushi ke nan: ya kai ruwa da sabulu har gindin gashi, ya ɗaga wanda ya kwanta, ya share matacciyar fata da ke toshe masa hanya.

Masu kallon finafinan waje sun sha ganin wannan burushi. A fim ɗin The Great Dictator na 1940, Charlie Chaplin ya fito a matsayin mai aski, inda ya shafa wa wani mutum kumfa ya aske shi yana bin kiɗan Brahms da ke tashi daga rediyo, hannunsa na tafiya daidai da kiɗan. A 2009 Irrfan Khan ya fito a matsayin matalaucin mai askin ƙauye a fim ɗin Billu tare da Shah Rukh Khan, fim ɗin da aka cire kalmar "Barber" daga sunansa bayan ƙungiyoyin masu gyaran gashi na Indiya sun yi ƙorafi. A Skyfall na 2012 kuma, Naomie Harris ce ta riƙe aska a maƙogwaron Daniel Craig. Mutane na kallon askar, ba sa lura da kumfar, alhali ita ce ta sa askar ke zamewa ba jini.

A Turai aka fara amfani da irin wannan burushi, kuma Faransawa har yau sunan dabbar da ake samun gashin suke kiransa da shi, wato "blaireau". Masu karatu na Maraɗi da Damagaram za su iya tarar da wannan suna a jikin kwali. Dabbar dangin dage ce, kuma yawancin gashinta da ake kasuwancinsa daga ƙasar Sin yake fitowa. Shi ne mafi tsada, yana da laushi, yana riƙe ruwa da ɗumi. Kamfanoni irin su Kent da Simpson na Ingila da Mühle na Jamus sun yi suna a kansa. Akwai na gashin doki, wanda Vie-Long na Sifaniya ke yi. Sai kuma wanda ya fi kowane araha a cikin na gashin dabba, wanda ya kamata mai saye ya buɗe ido a kansa: duk kwalin da aka rubuta "boar" ko "pure bristle", to gashin alade ne. Mai shakka kan hukuncinsa ya tambayi malamai, amma hanya mafi sauƙi ita ce ya sayi na roba ya huta. Na robar da ake yi yanzu ba irin na da ba ne mai kaifi kamar tsintsiya. Yana da taushi, ba ya wari, yana bushewa da wuri, ba ya shan sabulu da yawa, kuma ga wanda ke yawon lokeshan babu kamarsa.

To, yaya ake haɗa kumfar? Nan ne mutane da yawa ke kuskure, don suna tsammanin kumfa kumfa ce.

Da farko a wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu, a bar ta a jiƙe na minti biyu ko uku. Wanda ya yi aski da fitowarsa daga wanka ya riga ya gama wannan. A daidai lokacin sai a tsoma burushin cikin kofin ruwan ɗumi, ruwan ya tsaya iya gashin, kada ya haura zuwa mariƙi. Ɗumi aka ce, ba tafasasshe ba. Gashin an haɗe shi ne da gam a cikin mariƙin, ruwan zafi ƙwarai kuma yana sassauta gam ɗin, yana ƙona bakin gashin ya murɗe. Na gashin dabba yana son ya jiƙa na ƴan mintuna, na roba kuwa tsomawa ɗaya ta ishe shi.

Sai a ɗaga shi a yarfe sau ɗaya ko biyu, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. A juya bakinsa a kan sabulun aski na kamar daƙiƙa talatin, har gashin ya ɗauki sabulu ya yi kauri. Idan kirim ne na cikin bututu, kwatankwacin ƙwayar gyaɗa biyu ya isa. Daga nan ko dai a ci gaba da juyawa a cikin ƙaramin kwano, ko a kan fuskar kai tsaye. Sirrin duka yana wajen ruwa: ana ƙara shi ne kaɗan-kaɗan, ɗigo uku ko huɗu daga yatsu, a juya, a sake ƙarawa. Mai gaggawar da ya kwarara ruwa lokaci guda zai samu kumfa mai manyan ƙwai irin ta wanki, wadda ke fashewa kafin ya ɗauki reza. Wanda ya yi rowar ruwa kuma zai samu abu mai danƙo kamar fenti, ya toshe reza ya bushe a fuska. Kumfar kirki kamar kindirmo take, mai kauri da sheƙi, ba a ganin ƙwai a cikinta, idan aka murza ta tsakanin yatsu biyu sai a ji santsi. Ba ta ɗaukar fiye da minti ɗaya zuwa biyu ga wanda hannunsa ya saba.

Sabulun wanka na gari ba ya yin wannan aiki da kyau, kumfarsa ba ta tsayawa. Sabulun aski daban ake haɗa shi, irin su Arko na Turkiyya, da Proraso na Italiya, da na Godrej na Indiya. Idan kuma an yi duk yadda aka ce kumfar ta ƙi tashi, to a zargi ruwan. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana da nauyi, ma'adanan da ke cikinsa na kashe sabulu, shi ya sa ake ganin farin dauɗa a bakin bokiti. Rabin kofi na ruwan leda ya isa a yi aski da shi. Lokacin hunturu kuma iska na shanye kumfa nan da nan, saboda haka gara a ɗan ƙara mata ruwa, a shafa ɓangare ɗaya a aske kafin a koma ɗayan.

Wajen shafawa, a fara da zagaye-zagaye don gashin ya miƙe, sannan a baje kamar mai fenti. Bakin burushin ne ke aiki. Masu danna shi har ya baje a kumatu kamar faifai suna karya gashin tsakiyarsa, shi ya sa ake ganin wasu burusan da rami a tsaka. Askin kansa kuma a bi inda gashi ya kwanta, kada a yi masa gaba-da-gaba, kada a ja fata a miƙar da ita. Gashin wuya na da taurin kai, wani wajen sama yake kallo, wani wajen gefe, sai mutum ya shafa da hannu ya gane nasa. Rezar da ke da baki ɗaya ta fi wa mai ƙuraje sauƙi a kan mai baki uku ko biyar, wadda ke jawo gashi ta yanke shi can ƙasa. Bayan an gama a wanke da ruwan sanyi, a goga alif idan an ɗan yanke, a shafa man kaɗe kaɗan. Wanda ƙurajensa suka riga suka yi yawa, maganin farko shi ne ya ajiye reza na kusan wata guda, idan akwai ruwa ko mugunya kuma ya ga likitan fata. Furodusan da ke da hankali zai gwammace a gyara labarin jarumi ya fito da ƙasumba.

Saura kula da shi kansa burushin, kuma nan ne ake yi masa kisan mummuƙe. Ana gama aski sai a jefa shi cikin jaka da kumfarsa. Sabulun da ya bushe a gindin gashi yana taruwa ya yi tauri, gashin ya fara karyewa yana zubewa. Abin da ya kamata shi ne a wanke shi da ruwan ɗumi, ana buɗa gashin da yatsa, har ruwan ya fito garau. A matse shi a hankali daga gindi zuwa baki, ban da murɗawa irin ta wanki, ban da ja. A yarfe, a goga bakinsa a busasshen tawul, a ajiye shi inda iska ke shiga. Ana ta musu kan ko rataye shi ya fi, kai a ƙasa, ko tsayar da shi a kan gindinsa. Duk biyun sun yi, muddin dai ba a rufe shi ba. Da damina, jiƙaƙƙen burushi a cikin leda ko durowa kwana biyu ya ishe shi ya yi fumfuna da warin da ba ya fita. Shanya shi a tsakar rana ko kusa da wuta ma ɓarna ce, mariƙin katako tsagewa yake yi.

Sau ɗaya a wata a wanke shi da ɗan shamfu ko sabulun wanke-wanke. Inda ruwa ke da nauyi, a jiƙa gashin na minti biyar cikin ruwan khal cokali ɗaya da aka tsinka da ruwa cokali goma, sannan a ɗauraye sosai. Ban da bilic, ban da tafasawa. Sabon burushi na gashin dabba kan yi ɗan wari ya kuma zubar da gashi kaɗan a makonnin farko, wannan ba komai ba ne. Wanda ke zubar da gashi kullum bayan watanni, gam ɗinsa ya mutu, ba a gyara shi. Mai kyau da aka kula da shi kuwa yana shekara goma yana aiki.

Batun tsabta ba wasa ba ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gashin dabbar nan ya yi wuyar samu, sai aka cika kasuwa da burusan gashin doki waɗanda ba a tsabtace ba. Sojoji da fararen hula a Ingila da Amurka suka yi ta kamuwa da cutar antiraks a fuska da wuya, cutar da makiyaya ke kira ciwon saifa, wasu har suka rasa rayukansu. Bayan haka ne hukumomi suka tilasta a riƙa kashe ƙwayoyin cuta a gashin kafin a haɗa shi, saboda haka sabon burushi na yau ba shi da wannan haɗari. Haɗarin da ya rage shi ne na karo-karo. A lokeshan, inda mutum goma sha ke kwana ɗaki ɗaya a otal, abu ne mai sauƙi burushi guda ya zagaya fuskar kowa, daga jarumi har mai riƙe fitila. Makero na bin wannan hanya, haka ma ƙwayoyin da ke sa maruru. Reza ta fi muni, don tana iya ɗaukar jinin da ke ɗauke da ciwon hanta. Mai kwalliyar da ke yi wa ƴan wasa gyaran fuska, idan ba zai iya ware wa kowa nasa ba, gara ya haɗa kumfar a kwano ya shafa da hannu mai tsabta, kamar yadda wanzamai ke yi da ruwa da sabulu tun kaka da kakanni.

Ga mai tafiya kuma, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida ya isa gidan burushi: a zura shi ciki, gashin ba zai lanƙwashe ba, iska kuma na shiga ta baki biyu. Idan motar lokeshan za ta tashi da asuba, a yi askin tun da daddare don burushin ya kwana yana shan iska.