Waya Tana Hannu, Amma Wa Za Mu Kira?

Yau muna so mu yi shawara da ku a kan wani abu da yake cikin aljihun kusan kowannenmu, watau wayar hannu.

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta rage mana wahala ƙwarai. Da ita muke jin farashin masara da dawa a kasuwar Dawanau kafin mu ɗora buhu a mota. Da ita muke gaisawa da 'ya'yanmu da suke Kano ko Zariya. Amma a ce da tsakar dare a watan Agusta, ruwa yana zuba, naƙuda ta tsananta wa matar ɗan'uwanmu a wata unguwa bayan rafi. Waya tana hannunsa, da caji da kati. To, wa zai kira? Wane direba ne zai yarda ya fito? Wane asibiti ne yake da ungozoma a wannan dare? Ma'aikatan lafiya sun ce jinkiri iri uku ne yakan hallaka mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a ƙofar gidajenmu suke faruwa, sa'ad da mutum yake ta buga lamba bayan lamba bai san wadda za ta fisshe shi ba.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da yi wa wannan damuwa dabara. A birnin Landan, a shekarar 1953, wani limamin ikkilisiyar Angilikan mai suna Chad Varah ya sanar da lambar tarho ɗaya domin duk wanda baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kansa ya kira. Da tarho ɗaya ya fara, da 'yan sa kai masu haƙurin saurare. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, tana nan har yau. A Amurka kuwa, a birnin Atlanta aka fara lambar 211 a 1997, a shekarar 2000 hukuma ta keɓe ta domin ƙasar duka. Wanda abinci ya ƙare masa, ko ya rasa wurin kwana, sai ya kira. Mai amsawa ba shi da rumbu, ba shi da ɗakin baƙi. Abin da yake da shi shi ne jerin wuraren taimako da ke kusa da mai kira, sai ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Indiya ta buɗe wa manomanta irin wannan layi a 2004, Habasha kuma ta buɗe 8028 a 2014, manomi ya yi tambaya ya ji amsa da harshensa.

Mu ma a nan ba a bar mu hannu wofi ba. Akwai 112 domin kowane irin gaggawa, su ne suke miƙa kira ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra a hanya. Akwai 6232 ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, irin su kwalara da sanƙarau da mashaƙon nan da ya addabi Jihar Kano a 2023. Dukansu kyauta ne. A Samaru ta Zariya ma, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa layin taimakon manoma. Ya kamata mu rubuta waɗannan lambobi da manyan baƙaƙe a bangon ma'ajinmu da na makaranta, mu koya wa yara su haddace.

Duk da haka, mai amsa waya a birni ba zai san wace hanya ce ruwa ya yanke tsakanin Falgore da Rogo a daren nan ba. Ba zai san wanda yake da mota mai mai a cikinta a Zarewa ko Fulatan ba. Wannan sani a wurinmu yake, amma a warwatse, kowa da ɗan gutsurensa. Domin haka muna ba da shawara kowace ƙungiyar gama kai ta kafa nata ƙaramin layi. Ga yadda muke gani za a yi.

Na ɗaya, a sayi waya guda ta ƙungiya, mai ɗaukar layi biyu, da ƙaramin faifan sola na caji. Kada ta zama ta wani mutum, kada kuma a canja lambarta. Mudu ɗaya na masara daga kowane memba bayan girbi zai taimaka wajen kati da gyara.

Na biyu, a buɗe littafi. Wannan shi ne zuciyar aikin. A rubuta lambar ma'aikacin lafiya da ungozoma, da ranakun awon ciki da na allurar rigakafi. A rubuta direbobi da masu babur da suka yi alkawari za su fito ko da dare, a kuma daidaita kuɗinsu tun kafin ranar wahala. A Jigawa da Katsina an gwada irin wannan shiri da direbobin ƙungiyar NURTW domin kai mata masu naƙuda asibiti, ba abin da zai hana mu yin magana da na tasharmu. A rubuta malamin gona na KNARDA, da malamin dabbobi, da mai gyaran famfo, da mai unguwa, da dagaci, da ofishin 'yan sanda. A binciko asibitin da yake ajiye maganin saran maciji kafin a shiga noman farko.

Na uku, a zaɓi mutum uku ko huɗu masu riƙon amana su riƙa karɓar wayar mako-mako. Lalle ne a sa mace a cikinsu, gama akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba, ko da ranta yana cikin haɗari.

Na huɗu, a riƙa bin sawu. Kashegari a kira mutumin a ji ko ya sami biyan bukata. Kowane wata uku a gwada lambobin littafin ɗaya bayan ɗaya, domin ma'aikata ana yi musu canji, layuka kuma suna mutuwa. Lambar da ba ta shiga ta fi rashin lamba muni, gama tana cinye lokacin da ba za a mayar ba.

Wani zai ce, ai muna da maƙwabta da shugabanni, me ya kawo wannan? Gaskiya ne, layin ma a kansu zai dogara. Amma shugaba yakan yi tafiya, baƙo da gwauruwa kuwa ba su san kowa ba. Wani kuma zai ce, za a mai da wayar wurin tsegumi. Wannan tsoro yana da dalili. Sai mu kafa doka: abin da aka ji a waya ba ya zuwa kasuwa, wanda ya tona asirin wani a karɓe aikin daga hannunsa. Mai riƙe da waya kuma ya sani shi ba likita ba ne. Kada ya faɗi sunan magani, na mutum ko na gona. Aikinsa ya saurara, ya duba littafi, ya haɗa mai bukata da mai taimako.

Amfanin ba a rashin lafiya kaɗai ya tsaya ba. Mun tuna 2016, sa'ad da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a ƙasar nan, ƙwaro kuma ya cinye tumatir a Kano da Kaduna. Idan manoma biyar suka kira layi ɗaya cikin mako ɗaya suna faɗin abu ɗaya, ƙungiya za ta gane da wuri, ta kai wa malamin gona labari tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Abu na ƙarshe, layin nan na kowa ne. Memba da wanda ba memba ba, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, duk wanda ya kira a amsa masa ba tare da tambayar ko shi wane ne ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. To, sai fa in ya sami wanda zai tambaya. Muna roƙon kowane sakatare ya sa maganar nan cikin taron wata mai zuwa, kowane memba kuma ya zo da lamba uku da ya tabbatar suna aiki. Da su za a cika shafin farko na littafin. Allah ya ba mu damina mai albarka.