Abin da zuciya ta yarda da shi, shi ido ke nema

A 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Peter Wason, ya ba ɗalibai lambobi uku: 2, 4, 6. Ya ce akwai ƙa'idar da ta haɗa su, su gano ta ta hanyar kawo nasu lambobin, shi kuma zai faɗa musu ko sun dace. Akasarinsu suka ɗauka ƙarin biyu-biyu ne, sai suka riƙa kawo irin su 8, 10, 12, yana cewa sun dace, suna ƙara sakankancewa. Ashe ƙa'idar ita ce kawai kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta. Kaɗan ne suka gwada abin da zai iya rushe zatonsu.

Kowa na da wannan hali, kuma inda ya fi yi mana ɓarna shi ne a kan kawunanmu. Dubi yaron tela. Ran da ya karkata wuyan riga, maigida ya daka masa tsawa: "Kai dai ba ka da kai!" Shi ke nan magana ta zauna. Daga ranar, duk zaren da ya tsinke, duk aljihun da ya goce, shaida ce. Wandunan da ya ɗinka sumul, masu su suka karɓa ba ƙorafi, ba ya ko tuna su. Kafin Sallah ta zagayo ya bar shagon, yana cewa ɗinki ba rabonsa ba ne.

Tunda zuciya ba za ta daina tara shaida ba, ra'ayina shi ne mu ba ta abin kirki ta tara. Ban ce yaron ya riƙa cewa shi gwani ne ba, ƙarya ce, kuma almakashi zai tona shi. Ya riƙe abin da yake gaskiya: hannunsa na faɗawa in ya nace. Kowane dare ya rubuta abu ɗaya da ya iya yau wanda bai iya ba makon jiya, ko da dasa maɓalli ne. Idon da ke farautar kuskure zai koma farautar ci gaba, kuma wanda ya ga yana ci gaba yakan dawo gobe da wuri.

Sai dai wannan dabara ta ƙarfafa gwiwa ce. Kada a kai ta wurin zuba jari, ko bashi, ko zargin maƙwabci, domin a can ita ce ke halaka mutane. Charles Darwin ya lura cewa hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa ta fi saurin ɓace masa, don haka yakan rubuta ta nan take. Mai shirin sayar da gona ya shiga kasuwanci, irin wannan rubutun yake bukata.

Iyaye da malamai da masu gida kuwa, yara daga bakinku suke ɗaukar abin da za su yarda da shi game da kansu. Maigida, in ka nuna wa yaro wuyan rigar da ya karkace, ka ɗaga wandon da ya yi kyau shi ma ya gani.