Sharhi: Dokar tabar wiwi da makomar manomin Kudancin Kaduna

Muhawara kan halatta noman tabar wiwi domin magani ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Najeriya. Tun 2019 marigayi Gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya fara kiran a ba da izinin nomanta ƙarƙashin kulawar hukuma. A watan Maris na 2023 Majalisar Wakilai ta jingine wani ƙudiri mai wannan manufa, wanda Benjamin Kalu da Miriam Onuoha ke cikin masu gabatar da shi.

Dokar ƙasa dai ta daɗe da tsauri. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin da ya kai kisa ga mai noman wiwi, kafin a sassauta a 1975, sannan aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Duk da haka, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya gano cewa kimanin mutum miliyan 10.6 ne ke shan ta. Masu neman sauyi na kallon wannan adadi a matsayin shaidar gazawar haramci. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, yana kafa hujja da shi cewa sassauci zai ƙara rura wutar.

A watan Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin da ya fi tsauri, da ƙuri'a 27 da 25, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Matakin ya amince da amfaninta a likitance, kamar wajen wasu nau'o'in farfaɗiya, amma bai halatta shan ta don maye ba.

Babbar hujjar masu goyon baya ita ce arzikin manomi, kuma Kudancin Kaduna wuri ne da ya dace a auna ta. Ƙananan hukumomin Kachia da Kagarko da Jaba, inda garin Nok yake, su ne cibiyar noman citta a ƙasar nan. A daminar 2023 wata cuta ta ruɓar da cittar a gonaki, ta bar magidanta da bashi da rashin iri. Wanda ya ga irin wannan asara, ba wuya ya saurari mai yi masa albishir da sabon amfanin gona mai tsada.

Sai dai wiwin magani ba a noma shi kamar citta, wadda ake shanyawa a fili a ɗura a buhu a kai kasuwar Kwoi ko Kafanchan. Yana buƙatar killataccen wuri da masu gadi da ɗakin gwaji da lasisi mai tsada. A Lesoto, wadda ta fara ba da lasisi a Afirka a 2017, kamfanoni masu jarin waje ne suka ci moriyar, yayin da ƙananan manoma suka ci gaba da noma a ɓoye. Tailan kuwa, da ta saki linzami a 2022, ta koma neman takardar likita a 2025, bayan shagunan wiwi sun cika birane.

Don haka duk ƙudirin da zai dawo majalisa ya kamata ya raba batun magani da na maye. Ya fayyace rawar NAFDAC wajen rajistar magani, da yadda za a hana amfanin gonar sulalewa zuwa kasuwar bayan fage, da kason ƙaramin manomi. Ya kuma tanadi kuɗin jinya, domin matashin Kafanchan da shaye-shaye ya taɓa wa hankali kada sai an yi doguwar tafiya da shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kafin nan, buƙatar gaggawa ta manomin Jaba ita ce irin citta mai lafiya, da bashi mai sauƙi, da tsaron da zai ba shi damar zuwa gona.