Gani ya kori ji: a kawo tabarau ɗin cikin kasuwa

A damanar 2018 ne cutar amai da gudawa ta ɓulla a yankin Madarumfa, daga nan ta bazu zuwa wasu sassan ƙasa. Kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,000, sama da 60 suka riga mu gidan gaskiya. Mai tuwo, mai fura, mai ruwan sanyi, kowa ya ji a jikinsa, don in cuta ta shigo gari ciniki ne ke fara kwanciya.

Tun lokacin ma'aikatan lafiya ba su gaji da faɗa ba: a wanke hannu da sabulu, a rufe abinci, a tafasa ruwa. Ana ji, ana gyaɗa kai. To amma matar da ta ɗebo ruwa garai-garai daga rijiya, yaya za ka gamsar da ita cewa akwai ajali a cikin tulunta? Ƙwayar cutar ido ba ya ganinta. Daga bayan gidan mai ciwo take shiga ruwa, ko ta bi hannu da ƙafar ƙuda zuwa ƙwaryar fura, ruwan kuwa ba ya sake kama ko ɗanɗano.

A nan ne muke ganin amfanin wata na'ura mai kama da babban tabarau. In ka ɗaura ta a fuska, sai ka ga kamar an ɗauke ka an sa cikin hoton: ka waiga hagu, ka waiga dama, ka ɗaga kai, duk kana ciki. A 2017 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, tare da kamfanin Google, sun yi amfani da hotunan da motarsu ta ɗauko daga duniyar Mars, mutum na zaune a ɗakinsa yana yawo can. Wanda ya iya kai mutum Mars ai ba zai kasa shigar da shi cikin ɗigon ruwan rijiya ba, ya ga ƙwayoyin suna iyo.

Kada a ce abin na Turawa ne. A 2019 wani ɗan Najeriya, Joel Kachi Benson, ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis da ke Italiya da fim irin wannan kan iyayen ƴan matan Chibok. Ba kuma dole sai mai tsada ba: tun 2014 aka fito da samfurin kwali mai gilashi biyu, wanda ake zura salula a ciki.

Sai dai muna da sharuɗɗa. Dattawanmu sun san majigi, wanda gari guda ke kallo a dare ɗaya. Shi wannan tabarau mutum ɗaya yake ɗauka, kuma ƴar kasuwa ba za ta bar tirenta ta tafi ɗakin taro a Maraɗi ko Yamai ba. A kawo shi rumfa ranar kasuwa, bayanin ya zama da Hausa, gajere, kuma abin da za a nuna ya zama namu: tafkin Madarumfa, gulbin Maraɗi, rijiyar unguwa, mahauta. A riƙa goge shi kafin a miƙa wa na gaba, kada a zo koyar da tsafta a bar mu da ciwon ido.

Muna kira ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da hukumomin lafiya na jaha su gwada wannan kafin damana, su kuma nemi shawarar shugabannin ƴan kasuwa, mata da maza, tun wajen tsara shi. Matar da ta cire tabarau tana ƙyamar ruwan tulunta, tambayar farko da za ta yi ita ce ina famfo, don haka a zo da magajin gari ya tsaya kusa ya ba ta amsa.