Harafi Ɗaya Ya Ɓace, Mutum Nawa Suka Ɓace?



Kwanan baya wani dillali ya yi sallama a zauren Maigida Sarki, riƙe da madubin ƙara girma, yana cigiyar tsofaffin kwabban kamfani, wato kuɗin da 'yan kasuwar Turawa suka buga da sunan kansu, ba da sunan hukuma ba. Wasu cikinmu har sun fara zazzage adakar kakanninsu. Ni ina ganin wannan ciniki asara ne, ga kuwa hujjata.

A 1796, kamfanin fataken Ingila mai riƙe da gidajen yaƙi na bakin tekun Gana ta yau, har da na Kef Kos, ya sa aka buga masa azurfa a Bamingam, ana kiranta aki. Maƙera suka yi tuntuɓen rubutu, harafi ɗaya ya faɗi daga kalmar majalisa ta Turanci, daga baya aka gyara. Yau masu tara kwabbai sun raba su gida biyu, mai kuskure da marar kuskure, suna ta muhawara a kai. To, a waccan shekara Ingila ba ta haramta fataucin bayi ba, sai 1807. Ta ƙofofin gidajen nan aka yi ta fitar da 'ya'yan mutane zuwa jirage. Ashe za a lura da harafin da ya ɓace, a kau da kai daga rayukan da suka ɓace?

Ga kuma kwabon Lad, Baturen da ya yi ciniki a kogin Kwara. A 1858 ya buga na tagulla mai hoton jirgin ruwa, darajarsa kashi ɗaya cikin takwas na kwabo, ɗauke da shekarar Hijira ta 1274. Don wa aka sa lissafin Hijira? Ai don iyayenmu masu allo da tawada, masu ƙirga wuri, domin su saki kuɗin da suka sani su kama na baƙo. Haka aka maimaita a anini mai huda da rubutun Larabci.

Ban ce tara kwabbai haramun ne ba. Sanin bambancin bugu ilimi ne, kamar yadda malami ke tantance kwafin littattafai. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shaida abin ado, mu kuma mu sayar da ita a kuɗin goro. Wanda ya sayar da shaidarsa, da me zai tsaya gaban alƙali?

Duk mai irin wannan kwabo a gida, kada ya goge shi, kada ya kai wa maƙeri. Ya kawo zaure a ɗauki hotonsa, a rubuta gidan da ya fito da labarin da tsofaffi suka bari a kansa, sannan ya koma da abinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.