GIGIN TSUFA: A KAI SU ASIBITI, A DAINA KULLE SU A ƊAKI

Daga Magarya zuwa cikin Wurno, Rabah da Goronyo, da wuya a rasa unguwar da ke da tsoho ko tsohuwar da aka ce ta rikice. Dattijon da aka sani da kunya da kawaici ya koma zagin 'ya'yansa. Tsohuwar da ta yi renon rabin gari tana rantsuwa surukarta ta sace mata kuɗi, alhali suna ƙulle a bakin zanenta. Da magariba ta gabato sai ta ɗaure kaya ta ce za ta gidan ubanta, wanda ya rasu shekaru arba'in da suka wuce. Sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko alhaki ke bin ta. Wani ma ya ce mayya ce asirinta ya tonu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ya kamata 'yan uwa matasa su sani cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido take ciwon ido. A 1906 likitan nan ɗan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin wata mata da ya duba a birnin Farankfot. Abin da ya fara bayyana gare ta zargin mijinta ne, sannan mantuwa da ihu. Da ta mutu ya duba ƙwaƙwalwarta ya tarar ta lalace. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi.

To me ya haɗa mantuwa da faɗa da kuka? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin, wanda aka raɗa wa suna a Amurka a 1948. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana cikin hanji. Na ƙwaƙwalwa kuwa wani ɗan gungun ƙwayoyi ne ke yin sa a gindinta, wajen ƙeya, ya raba shi zuwa sassan da ke kula da barci, cin abinci, natsuwa da danne fushi. Shi ne kamar linzamin doki. Binciken ƙwaƙwalen waɗanda suka mutu da ciwon Alzheimer ya nuna ƙwayoyin wannan gungu suna mutuwa, sirotonin ya ragu. Idan linzami ya tsinke, maganar da dattijo ya saba haɗiyewa sai ta fito fili, hawaye su zo ba dalili, barci ya ƙaurace.

Batun magariba ma yana da bayani. Daga sirotonin jiki yake sarrafa melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Agogon jikin mai gigin tsufa yana birkicewa, ga gajiyar yini, ga duhu yana sauya masa kamannin gida. Likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan rikicewa ta yamma, har a gidajen tsofaffi na Ingila inda ba mai ambaton iska.

Amma kada wani ya ji wannan ya ruga kemis neman maganin ƙara sirotonin. A 2011 an gwada biyu daga cikin magungunan baƙin ciki a kan masu gigin tsufa 326 a Ingila, ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. A 2014 an gwada wani mai suna sitaloferam a kan mutum 186 a Amurka da Kanada. Ya rage tashin hankali, amma ya taɓa bugun zuciya, ya kuma ɗan ƙara dusashe tunani. Ke nan sirotonin yanki ne na matsalar, kuma likita ne zai auna amfani da cutarwa. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa manyan magungunan taɓin hankali suna ƙara yawan mutuwa a tsakanin tsofaffi masu wannan ciwo. Shi kuwa baliyam da ake jefa wa tsoho a kunu don a huta, yana ƙara masa ruɗewa, ya tashi da dare ya faɗi ya karya ƙugu. Tiramol ma, in ya haɗu da magungunan sirotonin, yana iya kawo zazzaɓi da karkarwa har ta kai ga rasa rai. Wanda ya yi haka, me zai ce wa Allah?

Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana nan Kware, maƙwabciyar Wurno, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Mutanen da ke ziyartar hubbarensa su ne mafi cancantar sanin cewa addu'a da neman magani tare suke tafiya. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu kuwa a gaggauta kai shi ko da babban asibitin garin ne, don sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, kuma ana warkewa.

Sauran aikin na gida ne, kuma ba daidai ba ne a bar wa mata shi su kaɗai. Matashi ya fito da kakansa ya sha hantsi, ya raka shi masallaci, ya kunna masa fitila kafin duhu, ya zauna kusa da shi daga la'asar zuwa isha'i. In ya ce an yi masa sata, a taya shi nema maimakon musu. In ya kira jika da sunan ƙaninsa da ya rasu, a amsa. A sanar da maƙwabta halin da ake ciki, domin a ƙasar da ke da kogin Rima da hanyoyin ruwan noman rani, ga 'yan bindiga a daji, tsohon da ya fita shi kaɗai yana cikin haɗari babba. Yaran da ke binsa da waƙa kuma a tsawata musu.

Malamai sun daɗe da bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Alƙalamin ɗansa mai lafiya kuwa yana nan yana rubutu. Matashin da ke rige-rigen sahun gaba ranar Juma'a, alhali uwarsa na kulle a ɗaki tana bugun ƙyaure, ya koma gida ya buɗe mata. Allah Ya ba tsofaffi lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri, amin.